Lalle a Kan Haƙarƙarina

Ni mace ce mai jin cakulkuli tun ina yarinya. Ko nuno mini yatsa aka yi ta wajen hammata sai in nannaɗe ina ihu. Ban taɓa zaton wannan hali zai bi ni har ɗakin likita ba, ina da shekara hamsin da ɗoriya, nono ɗaya ya tafi, gashin kaina bai gama dawowa ba. Amma ranar da aka kwantar da ni a Yamai don a auna inda hasken inji zai bi ta jikina, dariya na yi ta yi har sai da aka tsayar da aikin sau biyu.

Ciwon daji ne ya kama ni a nonon hagu, aka yi mini aiki aka cire shi gaba ɗaya. Bayan nan na sha ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, wata da watanni, tuwo ya koma mini kamar ƙasa a baki. Da na gama, likita ya ce saura mataki guda. Za a riƙa haska wurin da wani inji, kullum minti kaɗan, makonni a jere, don a ƙone duk wata ƙwayar cuta da ta ɓuya wuƙa ba ta gan ta ba. A daidai lokacin nan ne bakina ya dawo. Na sayi ƙosai a ƙofar asibiti, na sa a baki, na ji barkono ya ce ga ni, sai na tsaya a bakin titi ina taunawa ina hawaye don daɗi. Daga ranar komai dariya yake ba ni. Akuya ta hau mota, dariya. Takalmina ya tsinke, dariya. Maigidana, wanda ya daɗe yana gyaran injuna a kamfanin siminti na garinmu Malbaza, ya ce tun da ya aure ni bai taɓa ganin haƙorana sun sha iska haka ba, har ya fara tsoron ko maganin ya taɓa mini kai.

Kafin a fara haskawa sai an yi awo. Wata ma'aikaciya, yarinya sa'ar ɗiyata ta fari, ta shigar da ni ɗaki mai sanyi, ta sa na tuɓe daga wuya zuwa ƙugu, na kwanta rigingine a kan wani gado mai tauri. Ta ɗaga hannayena biyu ta kai su bayan kaina, ta ba ni ƙarfe na riƙe. Aka rage wuta, sai ga jajayen layukan haske sun fito daga bango sun ratsa jikina, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Gadon ya shige da ni cikin wani babban zobe ya ɗauki hoton cikin ƙirjina. Duk wannan na daure kamar mutuniyar kirki. Matsalar ta fara ne da ta ɗauko alƙalami mai shuɗin tawada ta ɗora bakinsa a kan haƙarƙarina.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na cije leɓe, na tuna da mutuwar kakata, na tuna da ranar da aka fara gaya mini sunan ciwona. Bai hana ba. Dariya ta ɓarke mini, jikina duka yana girgiza, yarinyar ta ɗage alƙalami tana cewa, "Mama, don Allah, ko numfashi ma a hankali muke so." Sai da ta sake daidaita ni sau biyu, ita ma tana danne tata dariyar, kafin ta samu ta zana alama uku. Kowace layi biyu ne da suka gitta juna, ɗaya a tsakiyar ƙirji, ɗaya a gefen dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da tabon aiki. Ta manna wa kowace wata filasta mai kamar leda.

Da na sa riga ta zaunar da ni, fuskarta babu wasa. "Ki saurare ni da kyau, Mama. Da waɗannan alamu uku za mu kwantar da ke kullum daidai yadda kika kwanta yau. Likitoci za su zauna da hoton nan su lissafa hanyar da hasken zai bi, ya ci wurin ciwo, ya bar zuciyarki da huhunki. Naki a hagu yake, zuciya na nan kusa. Ki dawo ran Litinin ta sama, kwana goma sha biyu. Kada ki cuɗa wurin, kada ki sa sabulu. In alamun suka ɓace, ana iya cewa a sake awo daga farko, a sake lissafi, a ba wata ranarki."

Na san abin da take nufi, don na zauna a kan bencin jira. Na ga mata daga gabas da arewa, wasu sun yi tafiyar kwana biyu, kowace da takardunta a leda, kowace tana jiran a kira ta. Kuma likita ya riga ya gaya mini ba a son a ja dogon lokaci kafin a fara. Saboda haka Litinin ɗin nan ta zame mini abin da na fi so a duniya. Mai hankali zai zauna a Yamai ya lallaɓa alamunsa har ranar ta zo. Ni kuwa ɗakina nake so, da randata, da maƙwabtana su gan ni a kan ƙafafuna. Washegari na hau mota na koma Malbaza, a tsakiyar bazara.

Wanda ya san zafin garinmu kafin ruwa ya sauka ya san irin wautar da na yi. Kwana biyun farko na zauna a tsakar ɗaki kamar amarya, hannaye a buɗe don kada hammata ta yi gumi. In aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, maigidana ya ɗauki mafici ya zauna yana yi mini fifita, babban mutum da furfurarsa, ni kuma ina tsokanarsa cewa shekara talatin ina jiran wannan rana. Wanka kuwa sai dai in yi shi gunduwa-gunduwa da tsumma, fuska daban, ƙafafu daban, tsakiyar jiki a bar wa Allah. Maƙwabta suna shigowa gaisuwa, ina ba su labarin zoben da ya haɗiye ni, muna ta shewa. Ran kwana huɗu filastar dama ta fara ɗagowa. Ran kwana shida duka ukun sun saki, shuɗin ya fara dusashewa, na tsakiya ma sai an ƙura ido. Na san abin da ya kamata in yi, in ɗauki waya in kira asibiti. Tsoron kada su ce in zo a sake awo shi ya hana ni.

Ran kwana bakwai yayata ta iso daga ƙauyensu can wajen Alela, a bayan babur, da kaza ɗaure a cinyarta da ƙullin zogale a kai. Ita ce babba a ɗakinmu, ita ta goye ni. Sana'arta ƙunshi, kuma a ƙauyukan nan amaryar da ba ita ta sa wa lalle ba tana jin kamar an rage mata wani abu. Halinta guda ne, ba ta iya ganin abu a karkace ta bar shi. Tana tafiya a kasuwa sai ta miƙa hannu ta gyara wa matar da ba ta sani ba ɗaurin kallabi. Ta shigo ɗakina, kafin ta amsa gaisuwa ta miƙe tabarmar da ke ƙofa, ta juya madubi ya fuskanci inda take ganin ya dace.

Na ba ta labarin alamun, na ɗaga riga na nuna mata. Tun da aka yi mini aiki duk wanda ya ga wurin sai ya kau da kai ya ce sannu. Ita ba ta ce sannu ba. Ta jawo ni bakin ƙofa inda haske yake, ta duƙa, ta bi tabon da ido tun daga tsakiya har hammata, ta ce ɗinkin ya yi kyau, wanda ya yi shi ya san hannunsa. Daga nan ta kai ga shuɗin.

"To wanga kuma mi na ne? Da wanga abin banza za su tsare miki rana? Ke metires, malamar makaranta, da iliminki duka, kin zamna kina kallon shi shina gudu?"

"Yaya, to ƙaƙa zan yi? An ce kar in taɓa."

"Goge shi anka hana ki. Wa yac ce kar a ƙara mishi ƙarhi? Lalle in ya kama, ko kin kwana cikin gulbi ba ya tashi."

Na dube ta, ta dube ni, sai muka fashe da dariya tare, irin dariyar da muke yi muna yara in mun shirya ɓarna. A raina na ce yaya aka yi duk likitocin Yamai ba su yi wannan tunani ba, sai yayata da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko. Nan take ta kwance bakin zanenta ta fito da garin lalle, don ba ta tafiya ko'ina babu shi, nata na gida wanda ta daka da hannunta. Ta tankaɗe shi da ɗankwali, ta kwaɓa da ruwa zalla, ta karyo tsinken tsintsiya ta fiƙe bakinsa. Muka turo ƙofa. Ta zaunar da ni a kan kujerar tsuguno, ta ce in ɗan buɗe hannuwa.

An sha fama. Tsinken na taɓa haƙarƙarina na zabura, kwanon lalle ya kusa kifewa. Ta daka mini tsawa, na ƙara ƙyalƙyalewa. Ta kira maƙwabciyata ta riƙe mini kafaɗu, ita ma maƙwabciyar dariya ta kama ta, muka zama mu biyu. A ƙarshe Yaya ta take mini ƙafafu da gwiwarta, ta ce in na sake motsi za ta zana mini jaki a ciki in je in nuna wa likita. Na rufe ido, hawayen dariya na zuba, ta bi na tsakiya, ta bi na dama, ta daɗe a kan na hagu. Ta so ta ƙara ɗan fure a gefen kowace alama, wai wurin ya yi fili da yawa, na rantse mata ban yarda ba. Muka sasanta ta yi mini furen a bayan hannu.

Da la'asar lallen ya bushe ya kakkaɓe. Ga alamu uku jajaye, tsaf, sun fi na asibiti kyau nesa ba kusa ba. Na ɗauki bokiti cike da ruwa na shiga bayi na sheƙa shi tun daga kai, karo na farko cikin mako guda. Ihun da na yi ya sa kazar da Yaya ta kawo ta tsinke igiya. Na fito ina rawa da zane a ƙirji, maƙwabciyata na buga mini ƙwarya. Muka zauna shan fura. Yaya ta kurɓa, ta goge baki, ta ce da ni kamar mai ba da labarin kasuwa:

"Kuma na gyara miki na hagun nan. Yarinyar ga ba ta da ido. Ya hi ɗan'uwanshi sauka da yatsa guda cur. Na goge sauran shuɗin da man gyaɗa, na ɗaga shi sama, yanzu sun yi daidai da na dama."

Dariya na fara yi, don ita ce ta saba zuwa. Ina cikin yi na ji ta canza a bakina. Na ajiye ludayi. Na tambaye ta ko akwai sauran shuɗin, ko ɗigo. Ta ce ita ba ta aiki rabi da rabi. Na tashi na ɗauko madubi na duba, babu komai sai jan lalle a inda ta ga dama, kuma ni da bakina na gama yabon cewa ba ya fita.

Maigidana ya dawo daga aiki ya same mu tsuru-tsuru. Da ya ji, bai ɗaga murya ba, shi ba ya yi. Ya zauna ya cire hula ya ce a wurin aikinsu in aka ɗaura inji ya kauce da kaurin farce, ba a ganin komai ranar farko, sai bayan kwanaki a ji yana cin kansa. Ya ce a gaya musu, shi ke nan.

Yaya ta taso masa. "Kai mai siminti, ƙanwata inji ta? Yatsa guda! Mutum in ya ci ya ƙoshi ma hwatar cikinshi tana matsawa hiye da haka."

"Yaya, ban ce kin yi da mugunta ba. Amma su sunka san abin da sunka auna."

Ni ce na raba gardamar, kuma a kan kuskure na raba ta. Na ce babu wanda zai gaya wa kowa komai. Na ce na sha wuƙa, na sha ruwan da ya zubar mini da gashi, ba zan koma ƙarshen layi saboda yatsa guda ba. Na yi faɗa sosai, har na ce da maigidana jikina ne ba nasa ba, maganar da na yi nadamarta tun kafin ta gama fita. A cikin raina na san gaskiya yake faɗa. Amma duk lokacin da na tuna da bencin nan, da wata mata tana shiga a ranata, sai in ji yatsa guda ya ƙanƙance.

Maigidana bai samu izinin barin aiki ba, saboda haka Yaya ce ta raka ni. A tasha ya leƙo ta taga ya ce, "Ki hwaɗa musu." Na yi kamar ƙarar manyan motocin siminti ta hana ni ji. A hanya na zama abin kallo. Na ci kilishi a Konni, na ci dafaffen ƙwai a Dogondutse, na sayi mangwaro a Doso na raba wa duk wanda ke kusa da ni, na ba wata tsohuwa labarin cakulkulina har ta ƙware. Duk don kada in yi shiru in ji abin da ke cikina. Yaya kuwa ba ta ci komai ba. Matar da ke gabanmu kallabinta ya zame har kunne, Yaya tana kallo ba ta miƙa hannu ba. Mun wuce Doso ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Wai zuciyar, ina take daidai?"

Na kama hannunta na ɗora a inda take bugawa. Ta bar shi nan ɗan lokaci. Sannan na ji tana tafiya da yatsunta ta kan rigata, ɗaya bayan ɗaya, daga nan zuwa inda ta sa alamar, tana aunawa. Da ta gama ta mayar da hannunta cikin mayafi.

Ran Litinin da hantsi aka kira ni. Yaya ta zauna a benci, na bi ma'aikaciyar nan zuwa ɗakin injin, wani ɗaki can ciki mai ƙofa mai kauri. Ina cire riga ta tsaya, ta dafe baki, ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani. "Lalle! Mama, wa ya yi miki wannan? Dubi yadda layin ya miƙe!" Kaina ya kumbura, na ce yayata ce, gwana ce a ƙasarmu. Na hau gado, na kai hannuwa bayan kai, na kama ƙarfe. Aka rage wuta, jajayen layukan suka fito. Ta matsa da ni kaɗan, lallen tsakiya ya hau kan jan layin daidai. Ta zagaya dama, ya hau. Ta zagaya hagu ta duƙa tana dubawa. Ta ɗan juya ƙuguna, ta koma dama, ta dawo hagu, ta duba takardarta. Yatsunta suna kan haƙarƙarina, kuma ko alamar cakulkuli ban ji ba. Maganar tana bakina, ina jin nauyinta, amma na kasa buɗe shi.

Sai muka ji hayaniya daga waje, da muryar wani namiji yana cewa ba a shiga, da wata murya da ta fi tasa ƙarfi, wadda na sani tun ina goye.

"Ku tsaya! Kar ku kunna! Na hagun ƙarya na, ni nim matsa da shi! Ni nib ɓata, ba ƙanwata ba! Ku tsaya ku ji!"

Yayata ke nan, matar da ban taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba ko a gishirin miya, tana shelar laifinta a gaban mata cike da benci. Ina kwance hannuwa a sama, na ce da ma'aikaciyar, "Gaskiya ta faɗa. Na sani, na ɓoye miki." Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Yarinyar ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce ta riga ta ga bai hau ba, kuma ba a kunna inji sai komai ya hau an ɗauki hoto an tabbatar. Ta sa na yi sutura, ta fito da ni, ta zaunar da mu da Yaya. Ta bayyana mata cewa a kwance aka zana alamun, hannuwa a sama, in mutum ya tashi zaune fata tana sauka, balle gefen da aka yi aiki. Wanda ya gan su a zaune dole ya ga ɗaya ya fi ɗaya. Yaya ta saurara, kanta a ƙasa. Sannan aka ce mu jira, likita zai duba ya ga ko za a iya gyarawa yau ko sai an sake awo.

Mun zauna a bencin nan tun hantsi har aka yi azahar. Ana kiran mata ɗaya bayan ɗaya suna shiga suna fita. Ban yi dariya ba ko sau ɗaya, ban kuma iya duban Yaya ba. Can aka sake kira na. Likita da kansa ya zo, suka kwantar da ni a kan alamu biyun da suke daidai, suka bi lambobin gadon da suka rubuta ranar awo, suka ɗauki hoto suka gwada shi da na farko. Suka yi magana da Faransanci ƙasa-ƙasa, ni da na koyar da shi shekara da shekaru ban gane ko kalma ɗaya ba don faɗuwar gaba. Daga nan na ji sanyin alƙalami a gefena na hagu, ƙasa da lallen da yatsa guda. Ma'aikaciyar ta ce, "Kada ki motsa, Mama. Yanzu za mu fara." Suka fita, ƙofar ta rufe, injin ya zagayo kaina yana ƙara a hankali. Ban ji zafi ba, ban ji komai ba. Kafin in gama salatin da na ɗauko an buɗe ƙofa an ce in sauko.

Na fito da gudu-gudu ina gyara kallabi, bakina har kunne, ina ce wa duk wanda na gamu da shi an yi, an fara. Ma'aikaciyar ta biyo ni ta tsaya gaban Yaya. Ta ce likita ya ce tun da lallen gida ne zalla, ba baƙin nan na kanti ba, kuma alamar tana gefe, tana iya bin sabon shuɗin da shi. "Amma ki bi shi inda yake, Inna. Kada ki ƙara, kada ki rage." Yaya ta gyaɗa kai kawai.

Da la'asar, a gidan dangin maigidana inda muka sauka, ta kwaɓa lalle, ta fiƙe tsinke. Na kwanta a tabarma na ɗaga hannun hagu, ina ta zuba, ina tsara yadda zan ba da labarin nan a Malbaza. Na jira tsinken ya taɓa ni, bai taɓa ba. Na ɗago kai. Tana durƙushe, tsinken na tsakanin yatsunta, hannun yana rawa har lallen yana ɗiga a kan tabarma. Ta sa ɗaya hannun ta riƙe shi, duka biyun suka kama rawa.

"Ba ni iyawa," ta ce. "Da sun kunna hwa? Ni da nig goye ki."

Na miƙa hannun dama na kama wuyan hannunta, na jawo shi zuwa haƙarƙarina. Muka bi layin tare, a hankali, tana kuka ina riƙe da ita. Ya fito da kauri, gefensa duk ya tsattsage, a duk rayuwarta ba ta taɓa yin aiki mai muni irinsa ba. Ta ja baya ta dube shi, ta share ido da bakin mayafi.

"Ya yi muni," ta ce.

Na ce ko ta ɗan daidaita gefen.

Ta karya tsinken biyu ta jefa cikin kwano. "A'a. Bar shi nan inda yake."